Kofin Farko na Mai Gardama

Ɗazu a shagona rediyo ya ba da labarin wani hari. Maharan sun ce neman 'yanci suke yi, gwamnati ta ce ta'addanci ne. Sai kawai na ji ƙanshin shayin Kawu, Allah ya jiƙansa.

Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa a Sabangali, buta na tafasa a kan gawayi. Kofin farko, mai ɗacin nan, na wanda ya yi masa gardama mai ma'ana ne. Ni kuwa ba na wuce "haka ne, Kawu", don haka kullum na uku nake samu, ruwa-ruwa.

Wata rana ana irin wannan zancen ya ce, "Ni ba na duba sunan da mutum ya ba kansa. Wa ya auna? Mai bindiga, ko mai tallan kifi?"

Ƙanina ya ce, "To Kawu, in soja ne ya auna mai kifin fa? Kaki zai wanke shi?"

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ba zai wanke shi ba, ɗana." Ya miƙa masa kofin.

Wallahi tambayar nan tana bakina, ladabi ya sa na haɗiye ta. Har yau ƙanina yana ba da labarin.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. In ya haɗa mu a Aljanna, ka ɗora buta. Na tanadi gardamata.