Ai Ba a Yi Mata Tayi Ba

Wata rana rigima ta ɓarke a wani guruf na marubuta masu tasowa a Funtuwa.

Labari ɗaya, mata biyu, kowacce ta ce nata ne.

Zinatu ce ta fara sakin sa, masu karatu suka yi ta zuba mata yabo. Ita dama bakinta ba ya hutawa, duk inda ta shiga sai an san ta zo.

Can sai ga Mairamu, wadda ko "sannunku" ba ta cika cewa ba, ta turo layi guda: "Don Allah labarin nan nawa ne."

Ina hujja? Babu. Wai wayarta ce ta lalace, ta ari ta Zinatu ta rubuta a ciki.

Shugabar guruf ɗin, Anti Larai, ta taɓe baki. Wai!

Ita fa Anti Larai ko sallama ka yi mata sai ta leƙa me ka ɓoye a ɗaya hannun. Ko a littattafanta ba mai gaisuwa don Allah. Duk wanda ya yi murmushi a farko, jira shi da wuƙa a ƙarshe.

Nan take zarginta ya sauka kan Mairamu. Irin sumumu-kasau ɗin nan ai ta san su. Ta ga labari ya yi kasuwa, shi ne take neman raɓawa.

Dokar guruf kuwa ba wasa. Ɓarauniyar rubutu korar ta ake yi, a baza sunanta ko'ina marubuta suke. Wadda aka yi wa haka sai dai ta ajiye alƙalami.

Anti Larai ta kira su gidanta bayan azahar, rana na dukan tsakiyar kai. Zinatu ta zo a adaidaita, Mairamu ta tako da ƙafa.

Ga jug na zoɓo mai sanyi a tsakiyar tabarma, ga kofuna. Hankalin Anti Larai na kan kama ɓarauniya, ko bismillah ba ta ce musu ba.

Zinatu ta ja jug ta tsiyaya abinta.

Mairamu ta rakuɓe a bakin tabarma, gumi na tsiyaya, leɓenta ya bushe har ya yi fari.

Anti Larai ta ce a ranta, ka gani ko? Rashin gaskiya ya busar mata da baki.

To a labarin akwai inda wata yarinya ta je gidan yayanta, ta wuni da yunwa, ga kwanon abinci a gabanta, ba ta taɓa ba. Marubuciyar ba ta faɗi dalili ba. Da shi Anti Larai ta ɗana tarkonta.

Ta ce, "Wadda ta rubuta ta gaya min, me ya hana yarinyar nan cin abincin?"

Zinatu ta yi caraf: "Tsoro take, Anti, kar a ce an barbaɗa mata wani abu."

Anti Larai ta gyaɗa kai. Wallahi ita ma abin da ta zata ke nan.

Ta juya tana harare-harare. "Ke fa?"

Mairamu ta ɗago, kamar ma tambayar ce ta ba ta mamaki.

"Anti... ai ba a yi mata tayi ba."



Idon Anti Larai ya faɗa kan kofin da ke gaban Mairamu. Fayau. Ta dubi busasshen leɓen nan. Ta dubi Zinatu, har ta ƙara cika nata.



Sai yanzu Anti Larai ta tuna: kaf labarin nan ba wanda ya buɗe baki ya roƙi komai. Matan labaran Zinatu kuwa, in ba a ba su ba, fizgewa suke yi.

Ta ƙura wa Zinatu ido. Kofin ya tsaya wa Zinatu a hanya kafin ya kai baki, ta sunkuyar da kai. Bakin nan da ba ya hutawa, yau ya huta.

Kunya ta kama Anti Larai. Saura ƙiris ta kashe wa baiwar Allah alƙalami, don kawai ba ta iya hayaniya ba.

Ta ɗauki jug da hannunta, ta cika kofin, ta miƙa.

"Bismillah, 'yata. Sha."

Mairamu ba ta sauke kofin ba sai da ta ga ƙasansa.

Darasi: Hali zanen dutse, har cikin rubutu yake bin mai shi. Mai kawaici kawaici yake rubutawa, mai zargi kuma zargi yake karantowa. Za a iya sace maka labari, amma ba a iya sace halin da ya haife shi.

Tura wa marubucin nan mai shiru-shiru da ka sani. Ba zai roƙe ka ba, kai za ka yi masa tayi.