Kaset Ɗin da Na Ba Tsuntsaye

Maigidana malamin gona ne, mutum mai hankali a komai in ban da kiɗan jaz. Da aka kai ni gidansa a Safana na ga akwatin katako a ƙarƙashin gado, na ɗauka takardun aiki ne. Ashe kaset ne cike fal. Wasu a Katsina ya sayo, wasu direbobin Legas ya ba sautu. Kusan kowanne ya rubuta sunan makaɗin a jiki da jan biro.

Ni na tashi da kiɗan da ake waƙa a ciki, a yabi wani ko a yi masa zambo. Wannan kuwa ƙaho ya kama hanyarsa, fiyano ya kama tasa, mai ganga na can yana abin da ya ga dama, kamar kasuwar Batsari ranar da take ci. In ya yi la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ya kunna rikoda. Ba ya yarda ta mayar da kaset baya, wai tana cin batir; biro yake zurawa ya yi ta juyawa. Yakan ce makaɗan nan baƙaƙe ne irinmu, daga nan aka kwashe kakanninsu, in na kasa kunne zan ji algaita a ciki. Ni dai ban ji ba.

Akwai guda da ya fi ƙauna. Abokinsa na makarantar aikin gona ya naɗo masa daga rediyo, bai rubuta sunan kowa ba, ya kuma rasu kafin a tambaye shi. Kiɗan na san shi kamar yunwar cikina, amma ban taɓa duban jikin kaset ɗin ba. Akwai wani wuri a ciki da in an zo sai Malam ya ɗaga yatsa.

"Malama, tsaya. Saurari nan."

"Tuwona zai ƙone," in ce, in yi gaba. Shekaru muka yi a haka.

Shekarar da tsuntsun jan-baki ya yi yawa, Malam yana Katsina wajen kwas, ƙaninsa ya zo daga Darini a kan mashin. Shi ke kula da gonar gidansu. Bayan mun gaisa ya ce, "Matar yaya, tsuntsaye za su gama mamu gero. Ba ni matattun kaset ɗin mijinki, su ma su yi amfani yau."

A lokacin haka ake yi. A zare zaren kaset, a ɗaura shi daga sanda zuwa sanda a kan gona. Rana ta haska shi ya yi ƙyalli, iska ta kaɗa shi ya yi ƙara, tsuntsu ya tsorata.

Na jawo akwatin, ina ganin kaina mai adalci. Duk mai jan rubutu na mayar. Na ware biyar da suka koɗe, babu rubutu, ɗaya ma har ya tsage an liƙe shi da salatif. Na ce a raina, abin da ba a rubuta wa suna ba ai ba a damu da shi ba. Bai zo mini ba cewa rigar da aka fi so ita ke riga sauran tsufa.

Ranar da Malam ya dawo ya zazzage akwatin a tabarma sau biyu. Da na gaya masa, sai ya tura mashin waje. Na yafa mayafi na hau baya ba tare da an ce in hau ba.

Mun tarar da gero ya yi ido, zangarniya duk ta sunkuya. Zaren ya ratsa gonar ta ko'ina, yana walƙiya, yana wani siririn kuka in iska ta taso. Malam ya kama wani yanki da yatsa biyu, ya duba, ya saki. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce wa ƙaninsa, "Geron ya yi kyau. Allah shi kai mu girbi."

Da ya yi mini faɗa da na ji sauƙi. Ina da amsa a bakina, bai ba ni wurin ajiye ta ba. Furar geron nan muka sha har rani, ni kuwa kunya ta hana ta yi mini daɗi.

Daga nan ya koma fito. Kiɗan nan yake fitarwa da baki in yana wanke mashin ko yana gyaran fitila. Ya sha tsayawa gaban masu sayar da kaset a Katsina ya yi musu fito ko za su gane, su yi ta dariya. Har kaset ya daina yayi bai same shi ba. Gonar ma mun daɗe ba mu taka ta ba saboda ɓarayin daji. Bara Allah Ya yi masa rasuwa.

Kwanan baya ɗiyarmu ta zo hutu, ta ji ni ina tankaɗe ina gunguni.

"Inna, mi kike rerawa?"

"Abin babanku ne."

Ta kara mini wayarta a baki, ta ce in maimaita. Na maimaita don kada ta dame ni. Sai ga ƙahon nan ya fito daga wayar, shi ɗin dai, har da sunan mai busa shi da hotonsa. Abin da bawan Allah ya yi shekaru yana nema, ko garin hannuna ban kakkaɓe ba aka samo shi.

Na ajiye rariya na zauna a gindin darbejiya. Ranar na fara jin sa daga farko har ƙarshe, ba tuwon da ya tayar da ni. Na sa ta mayar, na sake ji. Wurin da yake ɗaga yatsa nake nema. Akwai inda ƙaho yake yin ƙasa kamar zai mutu, akwai inda kowa ke yin shiru a bar mai ganga shi kaɗai. Kowanne zai iya zama shi.

"Inna, wane wuri ne Baba ya fi so?"

Na ce mata ban sani ba, ban taɓa tsayawa ba.