Ranar da Injin Baba Ya Tashi

A shekarun da nake aikin kula da tsofaffi a unguwar Bronx ta Amurka, an tura ni gidan wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka. Baba nake ce masa. Aikina in ba shi magani, in dafa abinci, in raka shi ya ɗan taka ƙafa. Amma duk inda muka nufa, a garejin da ke bayan gidansa muke ƙarewa.

Wata tsohuwar mota ce ja a ciki, mai dogon hanci, an lulluɓe ta da tamfol. Wata rana ya sa na ɗaga murfin gabanta. Ni dai baƙin ƙarfe na gani ya cika wurin taf.

"Silinda takwas," in ji shi, "huɗu nan, huɗu can. Ina saurayi a birnin Detroit, irin wannan injin muke haɗawa a masana'anta. Lokacin fetur araha, kowane kamfani so yake nasa ya fi ƙarfi. A yi tsere da shi ran Lahadi, Litinin samari su yi layin saye."

"To me ya faru, Baba?"

"Fetur ya yi wuya, aka kawo dokar hayaƙi, sai aka koma ƙananan injuna. Ni na riƙe nawa. Amma tunda gwiwata ta ƙi, bai sake tashi ba."

Na ba yayana labari, wanda bakanike ne tun muna Kumasi. Ko ƙarasawa bai bari na yi ba.

"A hoto kawai na san shi! Don Allah ki tambaye shi ko zai bari in taɓa."

Duk lokacin zafin shekarar, kowace Asabar Yaya na garejin. Baba na kan kujera yana nuni da sanda, Yaya na ƙarƙashin mota yana masa gardama. Turancinsu ba ya haɗuwa, sai ni ce tafinta, alhali ban san fulogi ba balle kafireto. In rana ta take in kawo musu shinkafa da wake, su ci da hannu duk baƙin mai.

Ranar da aka gama, Yaya ya murɗa makulli. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake murɗawa, sai ya kama. Har cikin ƙirjina na ji rurin. Tantabaru suka watse daga rufin, maƙwabta suka leƙo ta taga. Baba na ta dariya, hawaye na bin kumatunsa.

Da ya nutsu sai ya nuna ni. "'Yata ce za ta ja."

"Ni, Baba? Ƙaramar mota na saba da ita!"

"Taka a hankali kawai."

Na yi bismillah muka hau titin Fordham Road, Baba a gefena, Yaya a baya. A wata danja na ɗan taɓa totur, motar ta zabura, Yaya ya saki salati. Baba ya buga cinyarsa yana cewa in ƙara. Wata ƙawata 'yar Nijar mai sayar da turare a bakin titi ta hango ni da mayafina riƙe da sitiyari, ta ajiye kaya ta rangaɗa guɗa.

Asabar ta gaba na tarar da shi a ƙofar gida, ya riga ya sha maganinsa da kansa, ya sa hula. Wai bakin teku yake so mu je.