Ranar da Kakata Ta Shanya Naman Layya a Wayar Yayana

Shekarun baya, lokacin da intanet ke shigowa gidanmu ta layin tarho tana ƙara kamar an taka wa kyanwa jela, yayana ya dawo daga garin Yanbu da tsani ɗaya da buri mai cika tirela. Ya gaji da ja wa kamfanin wasu waya, yana so ya zama ɗan kwangilar kansa, mai saka wayar tarho da ta kwamfuta a gine-gine.

Ashe abin ba a bakin tsani yake ba. Sai ka yi rajista, sai kuma kowane aiki ka nemo tasrihi, wato takardar izini, ka biya kuɗinta, a rubuta irin wayar da za ka saka da ranar da izinin zai ƙare, in ka gama mai duba aiki ya zo ya gani. Yayana ya yi ta sintiri a ofisoshi har takalminsa ya haddace hanya. A gidanmu na unguwar Harra ta Gabas kuwa ba a jin komai sai tasrihi. Ko gishiri ka ce ya miƙo maka, sai ya ba ka labarin tasrihi.

Aikinsa na farko wani ƙaramin masaukin baƙi ne a wajen Bi'ir Ali. Mai masaukin ya ce lallai a gama kafin alhazai su juyo daga Makka, izinin ma bayan hutun Sallah zai ƙare. In ya wuce, sai sabon biya da sabon layi, aikin kuma ya koma hannun babban kamfani. Saura hawa ɗaya ya rage masa, sai ya ajiye nadin wayarsa na ƙarshe, shuɗiya fes, a saman soronmu don kada yara su taɓa.

Yara ba su taɓa ba kuwa.

Kakata tun tana goye aka shigo da ita wannan ƙasa mai tsarki, amma ba ta taɓa yarda da firiza ba. A wajenta naman layya sai an yanyana shi an shanya ya sha rana. Da yammacin Sallah ta kira ni: "Ke ƙawata, hau ki miƙo mini igiyar can."

Na ce, "Kaka, ta Yaya ce fa. Ta kwamfuta ce."

"Kwamfutar tana ina?"

"Tana Bi'ir Ali."

"To idan ta zo ta yi mini magana."

Na yi iya ƙoƙarina, Allah ya sani, na ma maimaita sau ɗaya cikin ladabi. Amma ina son ganin fuskar Yaya, wannan ma Allah ya sani. Ta ɗauki wuƙar fawa ta dinga yanka, ta ɗaure daga tankin ruwa zuwa ƙarfen dish, daga ƙarfen dish zuwa taga, tana yabon igiyar Nasara da ba ta tsinkewa. Kafin magariba soronmu ya koma mahauta mai shuɗin ado.

Washegari da safe Yaya ya hau ɗauko kayansa. Ihun da ya yi, na rantse tattabarun unguwa ba su dawo ba sai da aka yi Muharram.

"Ya Sitti! Esh hada?" ya rufe Kaka da Larabci, wai mene ne wannan. "Me kika yi mini?"

"Angona, da Hausa za ka yi mini kuka, in ji daɗin lallashinka."

"Waya ce! Wayar aiki!"

"To ɗaura ta mana. Kawo in ƙulla maka, ƙullina ba ya kwancewa."

Ya zauna a kan bokiti ya dafe kai. Ya ce irin wannan ba a ƙulla ta, daga ɗaki zuwa akwatin haɗi dole ta tafi a miƙe ba gaɓa, mai duba aiki yana ganin ƙulli zai soke komai. Shaguna kuma duk a rufe, masu su sun tafi Sallah. A nan dariyata ta maƙale, don ban taɓa ganin idon Yaya ya yi ja haka ba. Kaka ma ta gani. Ta ce, "Sauke naman."

Mu mata muka baje a tsakar gida da sabulu da lemon tsami muna wanke waya. Yaya yana aunawa, gajerun sun isa ɗakunan da ke kusa da akwatin, amma na ƙarshen baranda babu mai kai musu. Kaka ta zura abaya, ta sa aka naɗe mata cinyar rago guda, wadda ta ɓoye wa kanta, ta ce in riƙo mata jaka.

Yaya na biye da mu, gidan wani mai shagon kayan lantarki muka je, mutum mai furfura da tumbi, yana tsakiyar baƙi. Ta tsaya a ƙofa ta kira shi da sunan yarinta, irin wanda matarsa ma ba ta sani ba.

"Hajiya, yau Sallah ce, wallahi mabuɗin ma..."

"Ranar da aka haife ka ma Sallah ce, na bar tuwona a wuta na zo na yanke maka cibi. Ɗauko mabuɗin."

Baƙin suka fashe da dariya, ta miƙa masa cinyar ragon. Ya fito da silifas ƙafa daban-daban, ya buɗe shago, Yaya ya sami irin wayar da aka rubuta masa a izini.

Ya gama a kan kari. Da ya dawo ranar duba aiki muka kewaye shi. Ya ce mai dubawa ya gwada kowane ɗaki, komai lafiya, sai dai ya yi ta shaƙar hanci yana tambaya ko akwai mai gasa nama a kusa. Kyanwoyi kuma sun yi sahu a baranda suna kallon bango kamar masu jiran rabo. Ni na ce sun kai ɗari, Yaya ya ce uku ne. Ku zaɓi wanda kuka yarda da shi. Mutumin dai ya sa hannu.

Kaka ta ce, "Ka gani? Albarkar layya ce ta bi wayar." Har ta bar duniya tana gaya wa ƙawayenta da ita aka buɗe kamfanin.

Yanzu Yaya yana da ma'aikata da mota mai sunansa a jiki, gidanmu ma an daina jan waya daga ɗaki zuwa ɗaki. Ni kuwa abin da ya zauna mini shi ne tafiyar nan da muka yi a rana, tana gaba da cinyar rago, ba ta ce ta yi kuskure ba, ba ta kuma zauna ba sai da ta gyara.

Akwai guntu ɗaya da ya yi gajarta, bai shiga ko'ina ba. Yana nan tsakanin tanki da ƙarfen dish, rana ta cinye shuɗin. Bara mai gyaran tanki ya kai hannu zai cire, Yaya ya hango shi daga ƙasa ya ɗaga murya, da Hausa tsantsa: "Kai, bar ta! Igiyar kakata ce."