As Biyu a Hannun Mamane

Shekara uku muka zauna gida ɗaya da Mamane, a wani bene da ke bayan Wendover Avenue, kuma har muka rabu ban taɓa jin ya fara faɗin abin da yake so ba. Ni ina karatun lissafi a jami'a, shi yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani ƙaton sito na kujeru da gadaje. Mutumin Tasawa ne, dogo, mai tafiya kamar ƙafa na masa ciwo. Cacar biza ce ta kawo shi Amurka a 1998, tun daga nan bai sake taka gida ba. Mahaifiyarsa, Inna Tchima, yanar ido ta fara rufe mata gani. Duk ranar da ya kira ta da katin waya, maganarta ɗaya ce: ya zo ta gan shi tun tana iya gani.

Mahaifinsa dillalin raguna ne, a gindinsa Mamane ya tashi. Abin da ya koya a kara, kasuwar dabbobi, shi ne mai kaya ba ya fara yanka kuɗi. Sai mai saye ya taya, kai kuma ka ce albarka, ka yi ta cewa albarka har a zo inda kake so. In ragonka ya fi na kowa, to shirunka ma ya kamata ya fi na kowa. Da wannan karatun ya tsallako teku, da shi kuma ya shiga wasan kartar foka a intanet.

Ranar Lahadi ce kaɗai hutunsa, a gaban tsohuwar kwamfuta yake ƙarar da ita. Gasar kyauta kawai yake shiga, wai tunda bai zuba ko sisi ba, ba caca ba ce. Na ce ya je ya faɗa wa liman haka, ya ce liman na da aiki da yawa. Wasan dai ba wuya: a ba kowa karta biyu a ɓoye, a riƙa buɗe wasu biyar a tsakiya kaɗan-kaɗan, ana zuba kwabban wasa. Karta mafi girma ita yake kira as. Wanda aka ba as biyu ya fi kowa ƙarfi a farko, abin da ya kamata shi ne ya ɗaga kuɗi nan take, domin masu tarkacen karta su gudu ko su biya da tsada.

Mamane kuwa da ya ga as biyu sai ya lafe. Ya bi abin da aka zuba kawai, ya naɗe hannu yana jiran a taya. Mutum biyar su shigo da araha, a buɗe kartar tsakiya, wani mai bakwai da huɗu ya haɗa jeri ya kwashe shi. Na ga haka ya fi sau goma, har na daina jin tausayinsa.

"Yaya Mamane," na ce masa wata rana, "wannan ba kara ba ce. Babu wanda ya ga ragonka balle ya taya. Ka yi raise, ka ɗaga kuɗi."

"Malam Ubaidullah, kai boko ya ɓata ka," in ji shi. "Mutum shina da abu mai kyau, sai ya hau ihu? C'est pas bon, bai dace ba."

A watan Agusta na 2006 ya ci kujera kyauta a babbar gasar Lahadi, wadda ladanta zai iya kai shi Yamai ya dawo. Aka fara da azahar. Bayan la'asar sakaliya mutum dubu sun koma ashirin da 'yan kai, shi yana ciki da ƙyar, bayansa ya ƙage, shayinsa ya huce. Sai ga as biyu. Na ga hannunsa ya nufi inda ya saba. Ban yi masa lissafi ba wannan karon, na gaji da lissafi. Cewa kawai na yi, "Inna fa tana jira."

Ya daɗe yana kallon allon har agogon wasa ya kusa cinye lokacinsa, sannan ya ninka kuɗin sau huɗu. Kowa ya janye sai wani mutum mai sarki biyu, kartar da ke bin as a girma, wanda ya turo duk abin da ke gabansa. Mamane ya amsa, aka buɗe karta biyar, babu sarki a ciki, Mamane ya kwashe. A na tara ya ƙare gasar, kuma abin da ya samu ya isa tikiti har da tsaraba. Bai yi murna ba. Ya kashe kwamfutar ya ce ji yake kamar ya yi rashin kunya a gaban manya.

Saura hutu. Sati shida yake buƙata, siton kuwa sati ɗaya suke bayarwa. Amma nan ma as biyu ne a hannunsa. Shekara takwas bai taɓa makara ba, bai taɓa fasa ko ƙafar kujera ba, shi ke koya wa sababbi aiki, ga wani sito a hanyar Pleasant Garden da ya aiko yana nemansa aiki har sau biyu. Na zaunar da shi na ce ya shiga wurin manaja ya ce a ba shi sati shida ko ya ajiye makulli. Na sa ya maimaita da Turanci har sau uku, ya ce ya ji.

Ranar Litinin ya dawo, ya cire takalmin aiki a bakin ƙofa, ya zauna yana matsa ƙafa.

"Yaya aka yi?"

"Na shiga ofis. Mun gaisa sosai, na tambayi yaransa."

"Sai me?"

"Ya ce aikina na kyau, ba su da kamata. Ya ce ko akwai wani abu. Na tsaya, shi ma ya tsaya." Ya ɗaga kafaɗa. "Patron ɗin bai taya ba."

Raina ya ɓaci. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don in na buɗe baki zan manta ya girme ni. Mamane ya yi ta jira manaja ya lura da kansa. Azumi ya zo ya wuce, kayan Kirsimeti suka cika sito, aka hana kowa hutu har Janairu.

A Janairun aka ba shi sati ɗaya ɗin da ake ba kowa, ya ce ba zai isa ba, hanya kaɗai za ta cinye rabi. Ina falo ranar da ya kira gida, muryar Inna Tchima na fitowa ƙasa-ƙasa daga wayar. Ya ce mata in sha Allahu da damina. Ta ce to, Allah Ya kai mu. Sannan ta ce kada ya takura kansa da sauri yanzu, duk lokacin da ya zo ɗaya ne. Ya dai yi sallama da ƙarfi daga zaure, za ta gane muryar.