Kunnen Malam Bara'u

Har zuwa watan jiya, ƙarfe bakwai da kwata na safe, idan ka tsaya a tashar bas ta Stockport Road a unguwar Longsight da ke Manchester, za ka ga wani dattijo siriri da hular sanyi, riƙe da baƙar jakar fata wadda mariƙinta ya sha ɗinki. Malam Bara'u Gimba ke nan. A cikin jakar akwai sifana mai dogon hannu, da 'yan tsummokin ulu, da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu wanda yake bugawa a gwiwa ya kara a kunne, ya ba shi muryar da zai ɗora sauran a kai. Akwai kuma sallaya a naɗe. Sana'arsa saita fiyano. Kafin makaɗa su iso ya riga ya buɗe cikinsa, yana bin wayoyi sama da ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure wadda ta saki, ya sassauta wadda ta yi tauri. Shekara talatin da shida yana wannan, kuma a watan jiya ya ajiye.

Daga Zariya ya zo karatun injiniya a Salford, kusa da Manchester. Ya samu aikin ƙarshen mako a wani shagon tsofaffin fiyano, dako kawai, a ɗauka a sauke. Wata rana ya ce wa tsohon Baturen da ke da shagon muryar ɗaya daga cikinsu ta karkace. Tsohon ya gwada, ya ga haka ne.

"Wa ya koya maka?"

"Babu kowa. Kakana makaɗin garaya ne, a gefensa na tashi."

Ranar tsohon ya miƙa masa sifana. Digirin ya gama shi, amma takardar tana akwati har yau. A wajen suna da walima, cikin likitoci da akantoci, an sha yi masa tsiya: injiniya guda ya ƙare a gyaran kayan kiɗa! Yakan yi murmushi ya ci gaba da shan shayinsa.

Masu bin kiɗan Turawa na asali a Manchester da Birmingham sun san Ihsan Trio, makaɗa uku 'ya'yanmu haifaffun nan: Widad Junaidu a fiyano, Zoe Bitrus a ƙaramin goge, Zayd Safwan a babban gogen da ake jinginawa a ƙirji. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda abin ya faro.

Widad tana shekara tara take kaɗa teburin kicin da yatsu, domin babu fiyano a gidan. Mahaifiyarta ta gaya wa Malam Bara'u. Ya ji labarin wata makaranta za ta jefar da nata, ya karɓo, ya yi Asabar bakwai yana gyara shi. Ranar da ya kawo shi, mahaifinta Dokta Junaidu ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ni likita nake so yarinyar nan ta zama."

"Likita, ka ba ta minti biyar ka saurara. Idan ba ka ji abin da na ji ba, da kaina zan mayar da shi mota."

Dokta ya saurara. Sai ya cire kwat ɗinsa ya kama gefe ɗaya, suka shiga da shi falo.

Kai ne ka ji ta tun kafin duniya ta ji ta, Malam. Kai ne kuma, da ta shiga kwalejin kiɗa tana neman abokan tafiya, ka ce mata akwai wata yarinya daga unguwar Balsall Heath ta Birmingham da ka ji tana gwaji ta bayan bango, gogenta yana magana kamar mutum. Haka ta haɗu da Zoe. Zoe ta kawo Zayd.

Zayd ba ya gajiya da ba da labarin gasar Birmingham, shekara goma sha biyu da suka wuce. Sun kai zagayen ƙarshe, saura minti arba'in su hau, sai waya ta tsinke a fiyanon zauren, a tsakiyar inda Widad ta fi taɓawa. Mai gyaran zauren yana can wani gari. Aka ce ko su yi da ƙaramin fiyanon ɗakin gwaji, ko su janye. Widad ta zauna a ƙasa. Sai ga Malam, wanda ya biyo jirgin ƙasa don kallo kawai, ba wanda ya ce ya zo da jaka, amma ya zo da ita.

"Kawu, an gama da mu."

"Tashi ki sha ruwa. Wannan nawa ne, naki yana gaba."

Ya sa sabuwar waya cikin minti ashirin. To, sabuwar waya ba ta zama wuri ɗaya, tana ta saki. Sai ya tsaya bayan labule, duk lokacin da suka kai ƙarshen wani sashe ya fito a hankali, ya murɗa, ya koma. Sau uku ya yi haka. Suka zo na ɗaya.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. An sa su a rediyo, sun zaga biranen Turai, sun fitar da faifai uku. Yau Widad tana koyarwa a kwalejin da ta yi karatu. Zoe ta kafa ajin goge na kyauta a unguwarsu, yara sittin take da su. Zayd kuwa duk Laraba yana kai gogensa ɗakunan marasa lafiya. A duk waɗannan shekaru Widad ba ta taɓa yarda ta hau fiyano a ƙasar nan ba sai Malam ya taɓa shi.

Amma abin da ya sa aka ɗauki alƙalami yau ya faru ne bara. Hajiya Sa'adiya, matarsa, ta lura buta tana ta kuka a kan wuta yana zaune kusa bai motsa ba. Ta matsa masa ya je wurin likitan unguwa, aka tura shi gwaji. Sakamako ya fito: kunnen hagu ya daina kama siraran muryoyi, na dama ma ya fara. Saura mako uku su Widad su ɗauki faifai na huɗu.

Da ya so, da ya yi shiru. Akwai manhajar auna murya a wayar salula da za ta rufa masa asiri shekara biyu ko uku, ba mai ganewa. Ya kwana biyu yana juya abin a ransa, ya kasa cin abinci. Rana ta uku ya same su a ɗakin gwaji, ya ajiye jakar a kan kujera.

"Ku zauna, magana zan yi. Kunnena ya fara tafiya. Ku nemi wani."

Widad ta ce, "Kawu, ba wanda zai sani ai. Mu mun yarda da kai."

"Shi ya sa nake gaya muku. Kun yarda da kunnen da na ba ku a da. Wannan ba shi ba ne, ba kuwa zan sayar muku da shi da sunan wancan ba."

Zoe ta fashe da kuka. Shi ya rarrashe ta. Shi ne kuma ya nemo musu wanda zai gaje shi, Abdulmuhaimin, magidanci tsohon direban bas da ya koma sana'ar, aka ɗage ɗaukar faifan, ya zauna da shi watanni goma yana nuna masa yadda Widad take son muryar fiyanonta, har sai da ya gamsu. Faifan ya fito da bazara, kuma an yaba shi fiye da na baya.

Malam Bara'u, mai kunnen gaskiya, mun gode. Ka riƙe ƙaramar sana'a da mutunci har ta ɗaga mutum uku, kuma ranar da riƙon ya zama cutarwa ka sake ta da hannunka. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka ji daɗin hutunka.

Mu kuma da muka saura, iyaye mu riƙa tsayawa muna sauraron abin da Allah ya sa a hannun 'ya'yanmu, masu sana'a mu koyi faɗin gaskiya ko da a kanmu za ta faɗa. Idan kuma kun haɗu da shi a kasuwar Longsight, kada ku ɗaga masa hannu daga nesa. Ku matso ta damansa, ku yi masa godiya da ƙarfi. Ta nan yake ji.