Shekarar da Aka Raba Makarantarmu Gida Huɗu

Ina cikin shekarata ta tara da fara koyar da lissafi a wata babbar sakandaren jeka-ka-dawo a Kazaure, shugaban makarantarmu ya dawo daga taron bita ya tara mu. Ya ce makarantar ta yi yawa, yara na ɓacewa a cikinta ba wanda ya san su, saboda haka za a raba ta gida huɗu. Kowane gida da malamansa da ɗalibansa, su riƙe juna har a gama.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ajujuwa za a ƙara ginawa?"

Ya ce a'a, gini na nan yadda yake. Ban gane ba, amma na ga kowa na gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa.

Ranar Litinin aka manna sunaye. Na ga nawa a gida na biyu, na kuma gan shi a na huɗu, don mu uku ne kacal masu lissafi. Ƙararrawa ɗaya ce, amma kowane gida da jadawalinsa, in an buga ba ka san ta wa ce ba. Sau biyu ina shiga aji in tarar da wani malamin ya riga ya fara. Wani dattijo ya hau babur tun daga Roni, wai ya ji an mayar da jikarsa sabuwar makaranta, a nuna masa. Na raka shi har ƙofar ajin da take tun bara. Ya dube ni.

An kuma ba kowace malama 'yan mata ashirin ta zauna da su duk Alhamis. Ba a gaya mana abin da za mu yi ba. Da na zauna da nawa, sai na ce kowacce ta faɗi abin da ya fi ba ta wahala. Wata yarinya da na koyar shekara biyu, na daɗe da yanke cewa raguwa ce, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ni ba na ganin allo. Littafin ƙawata nake kwafa."

Na dawo da ita layin gaba, na aika wa goggonta, aka kai ta aka yi mata tabarau. Makinta ya ɗan ɗaga, ba sosai ba.

Da shekara ta zagayo aka yi wa shugaban canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya ce a haɗe gidajen, ba wanda ya yi gardama. Sakamakon jarrabawa bai fi na baya ba, bai kuma kasa ba. Wata sabuwar malama ta taɓa tambayata ko tsarin ya yi amfani, na daɗe ina ba ta labari, daga ƙarshe ta ce ita fa ba ta ji amsar ba.